Sukarin 5.5 da ya hana ni barci

An ba ni aikin haɗa kwamfutar wani ɗakin gwaje-gwaje da ta wani asibiti, don sakamakon jini ya riƙa shiga fayil ɗin majiyyaci kai tsaye. Ɗakin gwajin yana aika saƙo da HL7 na biyu, wani tsohon tsarin musayar bayanan lafiya tsakanin kwamfutoci, asibitin kuwa sabon tsarin da ake kira FHIR yake karɓa. Na rubuta manhajar da ke juya wancan zuwa wannan, na gwada ta da manhajar duba ƙa'idar FHIR, ba kuskure ko ɗaya. Sai na saki jiki.

Ba a yi mako guda ba wata nas ta kira ni. Ta ce, "Malam, mutumin nan ga shi zaune muna hira, amma kwamfutarku ta ce sukarinsa 5.5 mg/dL. Da haka ne, ai da ya daɗe da suma."

Gabana ya faɗi. Ashe ɗakin gwajin da mmol/L yake aunawa, wani ma'aunin sukari daban da mg/dL, kuma yana barin gurbin ma'auni wayam, ni kuwa na sa manhajar ta cike shi da mg/dL. Tsakanin ma'aunan biyu ninki 18 ne, wato sukarin bawan Allahn nan kusan 99 yake, lafiya lau. Har lambar LOINC (lambar da ke nuna irin gwajin da aka yi) da na liƙa wa sakamakon, 2345-7, ta awon mg/dL ce. Awon mmol/L da tasa daban. Manhajar duba ƙa'ida ba ta ce uffan ba, domin siffar saƙo take dubawa. Ba ta san jikin ɗan Adam ba.

Da na koma tono, sai na tarar da majiyyata rututu an haife su ranar 1900-01-01, don ma'aikata na cusa ta in ba a san ranar haihuwa ba. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne gurbin maganin da jiki ba ya so: inda ba a tambayi majiyyaci ba, allon likita yana nuna "babu".

Yanzu manhajata ba ta cike gurbi da zato. Sakamakon da ya zo babu ma'aunin UCUM (daidaitaccen tsarin rubuta ma'aunai irin su mg/dL), ko adadinsa ya fi ƙarfin mai rai, tsare shi take yi sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya duba. Kafin in buɗe kowace sabuwar hanya kuma, nakan zauna da nas mu bi sakamakon allo ɗaya bayan ɗaya, takardar asali tana hannunta.