Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Na Buɗe Baki a Gaban Mutanen Kansul

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya ne a inda takardar ɗana Auta ta fito, wato EHCP, wadda a nan Ingila take tattara abin da yaro mai buƙata ta musamman zai samu na karatu, lafiya da kulawa. Doka ta ce mako 20 daga ranar da aka nema. Tamu sai da ta ci mako 33. Ranar da ta iso na yi sujada a tsakar falo, don a zatona wahala ta ƙare ke nan.

Makarantar da aka rubuta masa tana da nisa da gidanmu, saboda haka kansul, wato ƙaramar hukumar yankinmu, ta ba shi motar da za ta riƙa kai shi tana dawo da shi. A watan Satumba na 2019 ya fara. Direban wani dattijo ne mai sanyin murya, tare da wata mata mai rakiya, kuma cikin kwana uku Auta ya saba da su. Duk mai ɗa da larurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, ya san abin da sabo yake nufi a wurinsu. Kujera ɗaya, hanya ɗaya, fuska ɗaya. In ka canza ɗaya, kamar ka janye masa ƙasar da yake tsaye a kai ne.

Wata Litinin sai ga wata mota daban a ƙofar gida, da wani direba daban, rediyo na tashi. Auta ya leƙa sau ɗaya, ya toshe kunnuwansa, ya kwanta a ƙasa yana buga kai. Direban ya jira abin da ya jira, ya duba agogo, ya ba ni haƙuri, ya tafi, don akwai wasu yara suna jiransa. Har yau ban ga laifin bawan Allahn nan ba. Babu wanda ya faɗa masa wane irin yaro zai ɗauka. Ni ma babu wanda ya faɗa mini za a canza shi. Kwana tara Auta bai taka makaranta ba.

Malamar da ke kula da irin waɗannan yara a makarantarsu, wadda suke kira SENCO, ita ta miƙo mini wata 'yar takarda, ta ce akwai ƙungiyar iyaye da ke zama da jami'an kansul, kuma zaman wannan wata a kan motocin makaranta ne. Na sa takardar a jaka, ta yi kwana huɗu a ciki. Gaskiya tsoro nake ji. Mu baƙi akwai abin da muke raɗawa juna: kada ki cika ƙorafi, kada su sa miki ido, kada su ce ba ki iya riƙon ɗanki ba su ɗauke shi. Ga Turancina a lokacin da sauran gyara, in raina ya ɓaci sai kalmomi su gudu su bar ni. Abbansu ne ya ga takardar, ya karanta, ya ce, "Ummansu, ki je mana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba ki faɗa ba, wa zai faɗa?" Ya nemi a sauya masa lokacin aiki ya zauna da Auta.

Wani ɗakin taro ne na unguwa, ƙarfe goma na safe. Mutum wajen ashirin, kusan duk mata, kuma ni kaɗai ce mai hijabi. Shugabar wata kaka ce da ke riƙon jikanta, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ta fara buɗe mini ido. Ta ce zaman nan ba alfarma ake mana ba. Dokar Yara da Iyalai ta 2014 ta wajabta wa kowace kansul ta yi la'akari da ra'ayin yaro da na iyayensa, ta kuma sa su cikin shawara. Dokar ce ta tilasta a wallafa jerin duk wani taimako da ke akwai a yanki, abin da suke kira Local Offer, kuma a tsara shi tare da iyaye. Ƙungiyoyin iyaye irin tamu ma Ma'aikatar Ilimi ce ke ba su ɗan kuɗin gudanarwa, ta hannun ƙungiyar agaji ta Contact. Shekara biyu ina fama da lamarin Auta, ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sai jami'in sufuri ya miƙe ya fara nuna mana sabon tsarinsu a allo. An gama rubuta shi, an buga, saura sa hannu. Kakar nan ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce masa cikin ladabi, tambayar iyaye bayan an gama rubutu daban, zama da su tun takarda tana fara daban. Na ce a raina, ihu bayan hari ke nan, ashe su ma sun san shi.

Abin da ya ɗaga ni daga kujera shi ne da ya ce a zangon nan kowace hanya an tura mata mota, babu wadda aka rasa. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Muryata na rawa na ce, "Ranka ya daɗe, motar ɗana ta zo. Kullum tana zuwa. Amma kwana tara bai shiga ba. A takardarka ina aka rubuta wannan?" Ɗakin ya yi tsit. Ya duba takardunsa, ya ɗago, ya ce ba a rubuta ba. Su abin da suke ƙirgawa shi ne ko mota ta iso ƙofa.

Na daɗe ina juya maganar nan. Mutumin nan ba maƙaryaci ba ne, kuma ba mugu ba ne. Lissafinsa daidai yake. Sai dai abin da ke faruwa tsakanin ƙofar gida da ƙofar mota, taku goma kacal, babu ma'aikacin da yake tsaye a wurin da ƙarfe takwas na safe. Uwa ce kawai take wurin. Ina rufe baki wata mata ta ce nata haka, wata ma ta ce haka, har mutum shida.

Daga ranar aka kafa ƙaramin kwamiti, iyaye huɗu da jami'ai uku, aka sa ni ciki. Mun zauna sau biyar. Mun samu a yi wa kowane yaro takarda shafi ɗaya da iyayensa za su cike, a ba direba da mai rakiya: abin da yake so, abin da ke firgita shi, yadda ake lallashinsa. A ta Auta na rubuta a kashe rediyo, kada a taɓa kafaɗarsa, a bar shi ya zauna bayan direba. Mun samu a riƙa sanar da iyaye kafin a canza direba, in ba rashin lafiya ce ta gaggawa ba. Abin da muka fi so, wato direba ɗaya shekara guda cur, ba mu samu ba. Suka ce kwangila ce da kamfanonin tasi, kuma kuɗi ba su kai ba. Na fito ranar raina a jagule, kuma har gobe ina ganin da an so da an iya yin fiye da haka.

A zama na ƙarshe na tambayi abin da ke cina tun ranar farko. Na ce, ina sauran? A bakin makarantar Auta ina ganin mata 'yan Somaliya, 'yan Pakistan, 'yan Sudan, da namu 'yan Najeriya, amma ko ɗaya ba ta zuwa nan. Aka ce ai ana tura saƙon imel. Saƙo da Turancin ofis, zuwa ga matar da ke kwana ba barci! Mu ma dai da namu laifin. Wasunmu ɓoye yaran suke yi, a ce aljanu ne, a ce baki ne, a yi ta neman magani a asirce har shekarun da ya kamata yaro ya samu mai koya masa magana su wuce.

Na roƙi limamin masallacinmu ya ba mu ɓangaren mata wata Asabar bayan azahar, ƙungiya ta biya masu fassara biyu. Mata goma sha ɗaya suka zo. Bakwai ba su san akwai ofishin SENDIASS ba, wanda ke ba iyaye shawara kyauta a kan haƙƙinsu. Wata kansul ta ƙi duba ɗanta don ba shi EHCP, ta haƙura, ba ta san tana da wata biyu ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman ba, kotun da mafi yawan iyayen da suka kai ƙara suke yin nasara. Wa'adinta ya riga ya wuce. Ta riƙe hannuna tana kuka tana cewa, "Anti, da na sani." Muka zauna a wurin muka rubuta sabuwar takardar nema.

Bayan sati biyu, ina wanke-wanke, kakar nan ta kira ni. Ta ce masu bincike daga Ofsted, hukumar duba makarantu, da CQC, hukumar duba asibitoci da wuraren kulawa, waɗanda tun 2016 suke zagaya yankuna suna duba yadda ake kula da irin yaranmu, za su zo garinmu, kuma suna son jin ta bakin iyaye. Ta ce in kawo matan masallaci. Na fara kiransu ɗaya bayan ɗaya. Ta uku da na kira ta yi shiru, sannan ta ce a hankali, "Anti, ba zan iya ba. Dangin mijina ba su san halin da yaron yake ciki ba."

Yadda muka yi da ita, da abin da ya faru ranar da masu binciken suka zo, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.