Yadda Mamata Banerjee ta kawar da 'yan gurguzu a Bengal ta Yamma

Shekara 34 'yan gurguzu suka yi suna riƙe da jihar Bengal ta Yamma a Indiya, kafin Mamata Banerjee ta raba su da mulki a 2011. Jama'a na kiranta Didi, wato yaya. Kullum cikin farin sari na auduga da silifas take, ba ado.

Ta ɓalle daga jam'iyyar Congress ta kafa Trinamool a 1998, amma rikicin gona ne ya ɗaga ta. A 2006 gwamnatin jihar ta karɓe wajen eka 1,000 na ƙasar noma a Singur don kamfanin Tata ya gina masana'antar motar Nano. Kuskuren a fili yake: ƙasa ce mai albarka da ake nomawa fiye da sau ɗaya a shekara, kuma manoma da yawa sun ƙi diyyar. Mamata ta yi yajin cin abinci sama da mako uku. A Maris 2007 'yan sanda suka harbe mutum 14 a Nandigram, wani yanki na jihar inda manoma ke zanga-zangar ƙin a karɓe musu gonaki, nan ne talakawan karkara suka juya wa gwamnati baya.

Tata ya tattara ya koma jihar Gujarat a 2008. A 2016 Kotun Ƙoli ta ce a mayar wa manoman Singur gonakinsu.