Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Igiyar Gugan Baba

A makon jiya na tsaya a inda na sauka Agege a Legas aka haɗa ni da kura mai jarka 10. Kafin in shiga zancen turin ruwa, bari in ɗan koma baya, domin wayar da ƙanena ya bugo mini ranar Juma'a ta tono mini abin da ya fito da ni daga gida tun asali.

Garinmu yana arewa da Nguru, a ƙasar Manga. Wanda ya san wajajen Yusufari da Bulatura ya san irin wurin: ka yi ta nutsa ƙafa cikin rairayi, kwatsam ƙasa ta gangara, sai ga kwari kore shar, dabino da goruba sun yi masa zobe. A tsakiyar namu kwarin akwai idon ruwa. Ba tafasowa yake yi ba kamar yadda 'yan birni ke zato, tsattsafowa yake a hankali. Inna takan yaye yashi da ƙoƙo, ta ɗan jira ya kwanta, ta cika tulu. Rijiyar lambun Baba gaba biyu ce kacal, da jigo yake ba albasa da alkama ruwa. In rani ya tsananta mu kwashi kanwa a bakin tafki, fatake su saya.

Farin 1973 ina ƙarami, mushen shanu kawai na riƙe. Na 1984 kuwa, wanda mutanenmu ke kira 'Yar Buhari, da wayona. A shekarar idon ya ƙafe. Baba ya ce, "Ku ƙyale shi, fushi ya yi, zai huce." Ya yashe rijiya, ya ƙara mata zurfi. Jigo ya daina kaiwa, aka koma guga. Daga nan duk bayan 'yan shekaru sai ya ƙulla wa igiya sabon guntu, kuma ba ya yarda a yar da tsohuwar. Tana nan rataye a zaurenmu, ƙulli bakwai. Bayan na uku na tattara nawa ya nawa na yi kudu.

Dalilin abin, a nan Legas na gane shi. Wani tsohon malamin gona da ya koma fataucin albasa a kasuwar Mile 12 ya zana mini a ƙasa da tsinke. Ya ce ruwan ƙarƙashin ƙasa ajiyar damina ce: yashi ya shanye ruwan sama, ya tsiyaye ƙasa, ya ɓullo a inda wuri ya fi kwari. In damina ta gaza shekaru a jere, ajiyar ta ja baya, ido ne ke fara rufewa. Zafin da ke ƙaruwa kuma yana busar da ɗan abin da ya taso, ya bar kanwa a fuskar gona. Bishiyoyi suka mutu, iska ta samu hanyar turo jigawa cikin kwari. Ya ce ko Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, kafin ƙarshen farin 1984 abin da ya saura bai kai ko kashi ɗaya cikin goma ba.

Amma ni ban ɗora wa sama laifin duka ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalen da ke shayar da fadamar Haɗeja da Nguru ya ragu. Ga injinan ban ruwa, abin da Baba yake ja da jigo a mako, su zuƙe shi kafin azahar.

Abin da ke ba ni dariya, na gudo daga rashin ruwa na faɗo garin da ruwa ke shiga wa mutane ɗaki, kuma da sayar da ruwan na yi aure, na yi kuraye huɗu da yara ke tura mini yanzu. Su ma nan ba su tsira ba. Can wajajen Lekki sai a haƙa burtsatse ya fito da gishiri, ko ja kamar tsatsa.

To, ƙanen nawa ya ce, "Yaya, ruwa ya hau a rijiya bana, sai dai zartsi ne, ko awaki sai sun shinshina. An yanke a yi karo-karo a haƙa burtsatse mai sola, ana jiran kason gidanmu."

Na ce, "Idon fa?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wane ido, Yaya? Jigawa ta hau kansa tun tuni. Yaran yanzu ƙwallo suke bugawa a wurin."

Na ce zan turo bayan Sallah. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗa muku yadda kura ta ƙwace mini a gangare ranar farko, da abin da wata Iya mai sayar da amala ta yi mini.