Godiya bayan kwana huɗu a kan hanyar Inka

Assalamu alaikum.

Alhamdu lillahi, na sauko lafiya. Tun shekaranjiya nake birnin Kusko na ƙasar Peru, numfashina ya daidaita, ƙafafuna ma sun fara sakewa. Saƙonninku na jaje da na barka da arziki sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a nan gaba ɗaya. Sai dai waɗanda suka fi kowa cancantar ta ba za su karanta ta ba, domin ba sa jin Hausa. Duk da haka ina so ku san da su, ku sa su cikin addu'a.

Ga waɗanda ba su sani ba, horo kan noman dankalin Turawa ne ya kawo ni Lima, babban birnin Peru, ƙasar da take asalin wannan amfanin gona. Tun kafin in baro gida na yi rajistar bin tsohuwar hanyar daular Inka zuwa Machu Picchu, tsohon garinsu na kan dutse, don ba a shigar ta kai-tsaye. Hukuma ba ta barin fiye da mutum 500 a rana, kuma cikinsu har da jagorori da masu girki da 'yan dako. Dole a tafi da jagora mai lasisi. Tafiyar kusan kilomita 43 ce, wuni huɗu, kwana uku a tanti.

Ranar farko ba ta ba ni wahala ba. Mun taso daga wurin da ake kira Kilomita 82, aka duba fasfo, aka ɗora kayan kowane ɗan dako a sikeli, saboda doka ta ce kada ya wuce kilo 20. Muka haye kogin Urubamba a kan gada, muka hango kufan Patallacta daga sama, muka kwana a Wayllabamba.

Rana ta biyu ce dalilin wannan rubutu. Daga mita 3,000 za a hau zuwa mita 4,215, a mashigar da mutanen wurin suke kira Warmiwañusca, wato matacciyar mace, saboda ƙoƙon dutsen ya yi kama da mace kwance rigingine. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ku kwatanta. Da hantsi kaina ya fara sarawa. Kafin azahar ina taku goma in tsaya, zuciyata tana bugawa har cikin kunnena, tashin zuciya ya zo, yatsuna suka yi sanyi. Ciwon tudu ne, su suna ce masa soroche: iska ta yi ƙaranci, jiki bai saba ba. Na zauna a kan wani dutse, na yi kalmar shahada, na tuna yarana.

Jagoranmu, Allah ya saka masa da alheri, bai tsorata ni ba, bai kuma raina abin ba. Ya maƙala mini ɗan na'urar auna iskar jini a yatsa, ya duba, ya kwance tukunyar iskar da yake goye da ita ya sa mini a hanci. Ya faɗa mini gaskiya: in lambar ba ta tashi ba cikin ɗan lokaci, juyawa za mu yi, shi da kansa zai raka ni ƙasa, kuma ba zai saurari roƙona ba. Ya tura sauran ayarin gaba tare da mataimakinsa. Da lambar ta tashi, sai ya koya mini tafiyarsu ta mutanen tudu, taku gajere, numfashi ɗaya ga kowane taku, kada in ɗaga kai in dubi abin da ya rage. Awa biyu muka yi a haka. Ko sau ɗaya bai dubi agogo a gabana ba.

Saura kaɗan mu kai mashigar na hango mutum yana gangarowa wajenmu da butar shayi a hannu. Ɗaya daga cikin 'yan dakonmu ne, dattijo da zai yi hamsin da wani abu, sanye da takalmin taya. Ya riga ya tsallake dutsen da kayansa, ya sauka zangon Pacaymayo, ya kafa tantuna. Da ya ji labari, sai ya sake hawo wannan gangare na kusan mita 600 saboda ni. Ba wanda ya aike shi. Ya zuba mini shayin wani ganye mai ƙamshin na'ana'a da suke kira muña, ya cire jakata daga bayana ya rataya, ya ce, "Haku, wayki." Jagora ya fassara mini: mu je, ɗan'uwa. Da harshen Kecuwa ya faɗa, harshen da Inka suka yi mulki da shi, wanda miliyoyin mutane suke yi har yau. Gangaren bayan mashigar matakala ce ta dutse mai santsi, duhu kuma ya fara. Duk inda matakin ya yi zurfi sai ya rigaye ni sauka, ya juyo ya ba ni kafaɗarsa. Ban san yadda ake biyan irin wannan ba. Kuɗin da na damƙa masa a daren ƙarshe, ni da kaina na san bai kai ba.

Mai girkinmu ma yana da nasa kason. Tun a Kusko na gaya musu ba na cin naman alade, ba na son abin da giya ta taɓa. Ya ware mini tukunya da cokali, ya riƙa yi mini kifi da dankali da miyar kinuwa, wani hatsi nasu. A daren da nake jinya ya kawo mini romo har bakin tanti, ya tsaya sai da na shanye. Da ya lura ina fita da asuba ina taɓa ruwa cikin wannan sanyi mai tsinka yatsa, ya tambayi jagora dalili. Washegari na tarar da ruwan ɗumi a ƙofar tantina, na yi alwala. Haka ya yi har muka rabu. Alƙibla daga can gabas take, an ɗan karkata arewa. Jagora ne ya taya ni gano ta da kamfas, kuma duk lokacin da zan haɗa azahar da la'asar sai ya ja hutun ayari ya ɗan daɗe ba tare da ya sa kowa ya ji an tsayar da shi ba.

Saboda su na ga rana ta uku, wadda ita ce mafi kyau. Mun wuce kufan Runkurakay da Sayacmarca, muka isa Phuyupatamarca, garin da ke saman gajimare, inda ruwa yake gudu har yanzu a magudanan da aka sassaƙa fiye da shekara 500 da suka wuce. Amma kufan Wiñay Wayna ne ya tsayar da ni. Ni mutumin gona ne. Na ga gangaren da akuya ma sai ta yi hattara, an yanka shi hawa-hawa an mai da shi gonaki. Kowane hawa yana da katangar dutse, a ƙasa manyan duwatsu, sai tsakuwa, sai yashi, sannan ƙasar noma a sama, don ruwan sama ya tsiyaye kada ya kwashe gonar. Mutanen da ba su da ƙarfe irin namu, ba doki, ba amalanke. Na daɗe a tsaye ina tunanin zaizayar da take cin gonakinmu duk damina. Su wa suka ɗauko duwatsun nan? Tarihi ya riƙe sunan sarki Pachacuti, wanda a zamaninsa, wajen 1450, aka gina Machu Picchu. Masu dakon kuwa, na ga jikokinsu suna wuce ni da gudu, kaya a baya.

Ranar ƙarshe an tashe mu ƙarfe 3:30 na dare. Na zaci don mu riski fitowar rana ne. Ashe don 'yan dako su samu naɗe tantuna su gangara su tari jirgin ƙasa na sassafe ne. Ba sa shiga Machu Picchu tare da mu. A cikin duhu, da fitilar goshi, na yi sallama da dattijon nan. Na riƙe hannunsa da hannuwana biyu na ce "sulpayki", na gode, kalma ɗaya da na koya don shi. An buɗe shinge ƙarfe 5:30, muka kama hanya, muka hau matakalar ƙarshe zuwa Inti Punku, Ƙofar Rana. Hazo ya yaye, garin ya bayyana a ƙasanmu a kan doron dutse, mita 2,430, kogin yana zagaye da shi. Sifaniyawan da suka ci daular Inka daga 1532 ba su taɓa isa nan ba. Ba'amurke Hiram Bingham da ya sanar da duniya shi a 1911, manoman yankin ne suka kai shi, kuma ya tarar wasunsu suna noma a kan tsofaffin hawan. Na yi hawaye a wurin, ban ɓoye ba. Na so a ce wanda ya ɗauki jakata yana tsaye kusa da ni.

Abokan tafiyata, mu goma sha ɗaya daga ƙasashe dabam-dabam, sun ƙi fara cin abincin dare sai da na iso zango. Na gode. Likitan da ya duba ni kafin in taso, ya dage in yi kwana uku a Kusko jikina ya saba da tudu kafin in fara, na gode. Ba don haka ba da abin ya fi haka muni. Wanda duk yake da niyyar zuwa ya riƙe wannan shawara, ya kuma tambayi kamfanin da zai bi yadda yake ciyar da 'yan dakonsa da inda suke kwana, kafin ya tambayi farashi.

Hajiya, ki gafarce ni da zullumin da na jefa ki. Babu layin waya a hanyar, shi ya sa kika ji shiru. An gaya mini kin raba dare kina addu'a, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Yaya, na gode da ka riƙe gida, ka kwantar wa kowa hankali alhali kai ma naka a tashe yake. Maman yara, saƙonki ne na fara buɗewa da muka sauko garin Aguas Calientes da ke gindin dutsen waya ta kama, na karanta shi sau uku. Allah ya bar zumunci, ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya kai dattijon nan gida wurin iyalinsa lafiya, ya sa albarka a gonarsa.

Gobe zan koma Lima. In Allah ya yarda Juma'a mai zuwa tare za mu yi ta.