Wasiƙa daga Zanzibar: Ku Fara Sauka a Cikin Gari

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kowa yana lafiya. Ya iyali, ya hidima?

Tun da aka ji ina Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, saƙonni ke shigo mini, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: wane otal ne ya fi kyawun bakin teku? Masu shirin hutu da sababbin ma'aurata, kowa hoton farin rairayi da shuɗin ruwa ya gani a Instagram. Hoton ba ƙarya ba ne, rairayin yana nan fari tas. Sai dai ni shawarata daban ce. In Allah ya kawo ku, ku fara sauka a tsohon garin, kusa da tashar jiragen ruwa, kafin ku wuce ƙauyukan gaɓa. Wanda mota ta ɗauka daga filin jirgi ta ajiye a otal mai katanga, bayan mako ta mayar da shi, ba shi da labarin da zai bayar sai na wanka da cin abinci.

Iska ce ta kafa garuruwan wannan gaɓa ta gabashin Afirka. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas, wadda mutanen nan ke kira kaskazi, ita ke turo jiragen katako daga Oman da Yaman da Indiya. Daga Afrilu sai ta juya ta zama kusi, ta kora su gida. To ɗan kasuwan da ya iso da dabino da yadi ba shi da halin komawa sai iska ta yarda, dole ya zauna watanni. A zaman jiran nan ake yin aure, a gina masallaci, a haifi 'ya'yan da za su tashi da harshen uwa da na uba. Haka Mombasa da Lamu suka tashi, haka Kilwa, wadda Ibn Battuta ya ziyarta a 1331. Zanzibar kuwa ta kere su ne bayan Sayyid Sa'id, sarkin Oman, ya bar Maskat ya dawo da fadarsa nan a wajen 1840.

Jiragen nan ba su mutu ba. Ku je tashar Malindi, wata unguwa a nan tsohon garin, bayan sallar asuba. Za ku tarar da su jere, an naɗe manyan ƙyallayen da ke kama musu iska, 'yan dako na shiga ruwa har ƙugu suna sauke buhunan gawayi da aka tsallako da su daga babban yankin Tanzaniya. A gefe masunta sun zube kifi a ƙasa, wani ya kai tsawon mutum, dillali na ɗaga murya yana gwanjo da shilin Tanzaniya, mata da bokitai sun kewaye shi suna taya. Ƙarni kam akwai shi, kuma ba wanda zai kula ku, kowa na kan neman abincinsa. Ni a wurina wannan ne ainihin garin.

Daga nan sai ku shiga lunguna. Yawancinsu mota ba ta shiga, babur ma sai ya yi ta ƙaho kana manna bayanka da bango. An gina gidajen da dutsen murjani, ɗakunan kuma dogaye ne marasa faɗi, saboda azarar da ake rufi da ita daga itatuwan bakin teku ake saro ta, kuma tsawonta na da iyaka. Kusan kowane gida na da dakali a ƙofa, inda dattawa ke zama da yamma suna shan gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Ku tsaya ku dubi ƙofofin da kyau. Waɗanda Larabawa suka sa aka sassaƙa masu kusurwa huɗu ne, sau da yawa da rubutun Larabci a sama, na Indiyawa kuwa kansu a lanƙwashe yake, ga manyan ƙusoshin tagulla. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, amma kada wannan ya sa ku zaci komai a gyare yake. Gidaje da yawa sun tsage, kuma wani sashe na Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, ya rufta a Disambar 2020.

Akwai wurin da ba na so ku tsallake ko da zuciya ba ta so. Dukiyar da ta sassaƙa ƙofofin nan daga kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi ta fito, kuma bayi ne suka nome gonakin kanumfarin. Sai a 1873 aka rufe kasuwar bayi, bayan Birtaniya ta matsa wa Barghash lamba. Yanzu coci ne a filin, a gefensa kuma akwai rami da mutum-mutumin bayi a tsaye, sarƙa a wuyansu. Masu yi wa baƙi jagora sun fi son ba da labarin yaƙin 27 ga Agustan 1896, wanda jiragen yaƙin Birtaniya suka gama da fadar sarki cikin ƙasa da awa ɗaya, don yana ba mutane dariya. Ku saurara, amma ku ce a kai ku wancan filin.

Idan kun wuce gaɓar gabas, wajen Paje da Jambiani, ku san cewa teku na janyewa sau biyu a rana, ta yi nisa har sai ka hango ta can kamar zare. Na ji baƙi suna ƙorafi wai an cuce su, sun biya kuɗin ɗaki ruwa ya gudu. Alhali lokacin ne matan ƙauyen ke fita aiki. Sun kakkafa turaku a cikin rairayi, sun ɗaura igiyoyi, a jikinsu suke noman ciyawar teku da ake busarwa a sayar ƙasashen waje, sana'ar da ta kankama tun ƙarshen shekarun 1980. Suna duƙe cikin ruwa iya ƙauri har sai teku ta fara dawowa. Mai son iyo kowane lokaci ya nufi Nungwi a arewa, inda ruwan ba ya ja da baya sosai, kuma a can zai ga masassaƙa suna haɗa jirgi da hannu.

Sauran bayani a taƙaice. Daga Darussalam, birni mafi girma a Tanzaniya, jirgin ruwa mai gudu na ɗaukar kamar awa biyu. Ku riƙe fasfo a hannu, domin ko da yake Zanzibar ta haɗe da Tanganyika tun Afrilun 1964 suka zama Tanzaniya, tana da gwamnatinta, kuma ana duba takardu a tasha. Tun Oktobar 2024 an wajabta wa baƙi inshorar dala 44. Afrilu da Mayu ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, lokacin kusi kuma igiyar ruwa na da ƙarfi, mai saurin amai ya nemi magani tun kafin a tashi. Kada arha ta ja ku shiga jirgin da aka maƙare da kaya, ko kwale-kwalen da ba rigar ceto. Mutanen nan ba su manta da jirgin Spice Islander ba, wanda ya nutse a Satumbar 2011 a hanyar tsibirin Pemba da ɗimbin rayuka, saboda lodin da ya fi ƙarfinsa. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, masallaci kusan kowane lungu, don haka sallah da abinci ba za su ba ku wahala ba.

Ni yanzu Pemba nake shirin tsallakawa in Allah ya yarda, can ne mafi yawan kanumfarin yake, kuma baƙi ba su cika zuwa ba. Abin da na gani zan rubuto muku. A gaishe da kowa da kowa.

Wassalam,
ɗan'uwanku a Zanzibar.