Yadda Ake Ƙiyasta Abincin da Ke Salwanta Daga Gona Zuwa Tukunya

A 2011 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya yana salwanta, kimanin tan biliyan 1.3 a shekara. A 2019 ta sake lissafi, ta ce kimanin kashi 14 cikin 100 ne ke lalacewa daga girbi zuwa kafin ya isa hannun masu sayarwa da ɗai-ɗai. Alƙaluman nan na duniya ne gaba ɗaya. Ba za su faɗa wa mai noman rani a Ajiwa ko Zobe kwando nawa yake rasawa ba, ba kuma za su nuna wa ɗan kasuwar hatsi a Dandume inda buhunansa ke ramewa ba. Wannan sai an auna, kuma ana iya aunawa da sikeli mai rataya, littafi da biro, muddin an kiyaye wasu ƙa'idoji.

Kafin a ɗauki sikeli, a fara tsayar da abin da ake kira asara. Masarar da ƙwari suka ci aka zuba wa kaji ta fita daga tukunya, amma ba ta tafi a banza ba, kuma ma'aunin FAO ba ya lissafa abin da aka mayar abincin dabbobi a matsayin asara. Gyaɗar da mata da yara suka tsinta wajen kala ta shiga bakin mutane. Zakka da kyauta ba asara ba ne, ko da sun rage yawan damman da suka shiga rumbu. Fasasshen tumatir da mai tuwo-tuwo ta saya a rabin kuɗi an ci shi, sai dai mai kaya ya yi asarar kuɗi. Saboda haka littafinka ya zama da gida uku: abin da aka zubar, abin da ya koma wani amfani, da abin da aka sayar a karye. Wanda ya haɗa ukun wuri ɗaya zai fito da adadi mai tayar da hankali wanda ba ya nuna inda za a gyara.

Sai ma'auni. Kwando ba ma'auni ba ne, domin na wannan fadama ba ɗaya yake da na waccan ba, kuma tozon da ake yi masa yana bin tsadar kaya. Akan ce buhun masara kilo 100 ne ko tiya 40, amma kowa ya san tiya da hannun mai awo take tafiya. A auna da kilo, a cire nauyin kwandon ko buhun. Tambayar manomi "nawa ka yi asara bara?" tana da amfani wajen gano matakin da ya fi ciwo, amma ba ta ba da adadi. Mutum yakan tuna shekarar da ta fi muni, kamar 2016 da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Katsina, Kano, Kaduna da Jigawa, ya manta da ƙaramar zubewar da ke faruwa kullum.

A kayan gwari, hanyar da ta fi inganci ita ce bin kaya guda daga gona har teburin mai sayarwa. A ɗauki tumatir da za a loda zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000. A gona, a auna abin da aka tsinka, a kuma auna abin da aka ware aka bari a ƙasa, wanda rana ta ƙona, ko tsutsa ta huda, ko ya nuna fiye da kima. Wannan mataki ne aka fi mantawa da shi, don ba ya shiga kwando balle a gan shi. Bayan nan a zaɓi kwanduna aƙalla tara a yi musu alama da fenti, a auna kowanne, a rarraba su a mota: uku a ƙasa, uku a tsakiya, uku a sama, wasu ta wajen kan mota, wasu ta baya inda girgiza ta fi yawa. Idan na sama kaɗai aka duba, an yaudari kai, domin na ƙasa ne ke ɗauke da nauyin sauran, kuma tsinken kwando yana huda 'ya'yan da ke jikinsa. A rubuta lokacin tsinka, lokacin tashi da lokacin sauke kaya. Awannin da tumatir ya yi a rana yana jiran mota sukan yi ɓarnar da ba za ta bayyana ba sai bayan kwana biyu, a ɗora laifin a kan direba.

Da an sauke, a sake auna kwandon, a juye shi a kan tabarma, a kasa uku: lafiyayye, fasasshe mai sayuwa, da ruɓaɓɓe. Bambancin nauyin tashi da na isowa shi ne ruwan da ya tsiyaye ko ya bushe.

Ga inda lissafi ke ɓaci ko a hannun masu ilimi. A ce, don misali kawai, an fara da kilo 1,000. An rasa kashi 8 a gona, saura 920. An rasa kashi 15 a hanya, saura 782. An rasa kashi 10 a hannun dillali, saura 704. Mai tebur ya zubar da kashi 12, saura 619. Wanda ya tara 8 da 15 da 10 da 12 zai ce an yi asarar kashi 45. Gaskiyar ita ce kilo 381 ne suka tafi, wato kashi 38, domin kowane mataki yana cin kasonsa ne daga abin da ya rage, ba daga kayan farko ba. Lissafin da kilo yana kuma nuna inda ya kamata a sa kuɗi: hanya ta ci kilo 138, fiye da kowane mataki. Idan ana son sanin ko kiret ɗin roba ya cancanci kuɗinsa, a sa shi a mota ɗaya da kwandunan, a auna su tare. Kuma a maimaita awon sau biyu, cikin sanyin Janairu da cikin zafin Afrilu, don sakamakon ba zai zo ɗaya ba.

Hatsi kuwa matsalarsa danshi ne. Masara mai kilo 100 da aka ɓare tana da danshi kashi 20, idan ta bushe zuwa kashi 13 da ake so don ajiya, za ta koma kilo 92 ko da ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba. Kilo 8 ɗin nan ruwa ne. Idan aka tarar da kilo 88, asarar kilo 4 ce daga 92. Mai saye a Funtua ko Bakori da kaka, ya ajiye har bazara, dole ya san wannan, in ba haka ba zai zargi yaran shagonsa da abin da hunturu ya yi. Inda babu na'urar gwada danshi, a zuba ƙwayoyi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bari na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba. Wannan ba ya ba da adadi, amma yana hana a auna jiƙaƙƙen hatsi a kwatanta shi da busasshe. Zubewar wajen sussuka da shiƙa kuma abu ne mai sauƙin aunawa: a shimfiɗa tamfol, a share abin da ya fantsama, a tace ƙaiƙayi a ga ƙwayar da ta bi iska.

Ɓarnar ƙwari ana gano ta da ƙirge da awo. A soki buhu a sama, tsakiya da ƙasa, a gauraya, a ƙirga wake 1,000. A ce 800 lafiyayyu ne masu nauyin giram 160, 200 kuma masu huji ne masu giram 30. Da duka lafiyayyu ne, da sun yi giram 200; yanzu 190 suke. Asarar nauyi kashi 5 ce kacal. Amma wake ɗaya cikin biyar yana da huji, kuma mai saye da ido yake taya kaya, ba da sikeli ba, don haka faɗuwar farashi za ta wuce kashi 5 nesa. A rubuta biyun daban. Hanyar tana da rauni: ba ta ganin tsutsar da ke cikin ƙwaya ba ta fito ba tukuna, ba ta ganin abin da ɓera ya kwashe ɗungurungum. Shi ya sa ake barin buhu ɗaya ko biyu ba a taɓawa, ana aunawa duk wata. Gefensu a ajiye buhun PICS, mai leda biyu a ciki wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙira don wake, a ga bambanci da ido.

A rumbun gida kuma a tuna ana ci ana ragewa. Magidancin da ya ajiye buhu 10 yana cin ɗaya duk wata, idan a wata na tara ya ga ƙwari sun ci kashi 20, buhu biyun da suka rage ne suka yi wannan asarar, ba goma ba. Kowane wata a lissafa ɓarnar a kan buhun da aka buɗe, sannan a tara kilo. Masarar da ta yi funfuna kuwa a sa ta a gidan abin da aka zubar, ko nauyinta bai ragu ba, domin gubar aflatoksin da funfuna kan bari ba ta mutuwa da dahuwa, tana illa ga hanta, kuma ko dabbobi bai kamata a ba su ita ba.