Abin da aikin guruf ya koya min a aji

Shekarata shida kenan ina koyar da tarihi a wata ƙaramar sakandare nan Tudun Wadan Zariya, kuma cikin dabarun koyarwa ba wadda ta ba ni wuya kamar raba yara guruf-guruf. Tun muna NCE a FCE Zariya mun karanta amfaninsa har mun rubuta a jarrabawa, amma tsayawa gaban yara sama da tamanin da firiyod ɗin minti 40 wani karatun ne na daban.

Da farko goma-goma nake raba su, in ba su tambaya ɗaya in ce su tattauna. Sai aji ya koma kasuwar Sabon Gari, yaro ɗaya ya duƙufa yana rubutu sauran suna hirar ƙwallo, ƙarshe a jera sunaye goma a saman takarda kowa ya kwashi maki iri ɗaya. Ban ga illar abin sosai ba sai ranar da wata yarinya ta tsaya bayan an tashi ta ce min, "Malam don Allah a daina sa ni a guruf, ni kaɗai nake yi, in na ce su taya ni sai su ce ai ni ce mai ƙoƙari." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai kwana da kwanaki. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, kuma ni na tsara hakan da hannuna.

Abin da na canza shi ne na mayar da su huɗu-huɗu, daidai masu zama benci ɗaya, don bencinmu ba ya jawuwa, sannan kowane yaro na ba shi guntun darasin da babu shi a hannun sauran ukun. Dabarar ba tawa ba ce, wani masani a Amurka mai suna Elliot Aronson ya fito da ita a 1971. Na fara gwada ta da gidajen sarautar Zazzau tunda dama huɗu ne, kowane gida da sarkinsa na farko: ɗaya ya riƙe Mallawa da Malam Musa, ɗaya Barebari da Yamusa, ɗaya Katsinawa da Abdulkarim, na huɗun Sulluɓawa da Abdussalami. Masu gida ɗaya su fara haɗuwa biyar-biyar su fahimci nasu, wasu ma a ƙarƙashin darbejiyar bakin aji, sannan kowa ya koma bencinsa ya koya wa 'yan'uwansa. In na tashi tambaya ni ke zaɓar mai amsawa, kuma ba a kan gidan da ya riƙe nake tambayarsa ba. To nan fa ka ga yaro yana jan rigar ɗan'uwansa yana cewa maimaita min, ban gane ba.

Na kuma bar su su tattauna da Hausa, rubutun ne kawai da Turanci. Yaran da na ɗauka ba sa ganewa ashe bakinsu ne Turanci ya ɗaure. Wani ɗan cikin birni da bai taɓa ɗaga hannu ba ya kawo musu labaran da kakarsa ke ba shi, har sai da na ja kujera na zauna ina saurare. 'Yan mata kuma na lura in an gauraya su da maza shiru suke yi, shi ya sa yawanci nake ware musu nasu.

Da nake ba mahaifina labari sai ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, a makarantar allo gardi ke biya wa ƙolo karatu, kuma mai biyawar ya fi kowa riƙewa.

Matsala dai ba ta ƙare ba. Kuɗin fotokwafi daga aljihuna yake fita, malamin ajin kusa yana ƙorafin hayaniya kuma yana da gaskiya, sau da yawa ƙararrawa na kaɗawa ban kai ga tambayar rabin ajin ba. Shi ya sa sau ɗaya nake yi a sati biyu. Na gaba a kan ganuwar Zazzau da ƙofofinta ne, na riga na ce kowa ya tambayo manyan gidansu asalin sunan ƙofar da ta fi kusa da su, tun jiya wasu suka fara kawo min na Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan a rubuce.